Makarantun Kirista a Illela: Alƙawarin da ke jikin bango da hisabinsa

Da wuya a yau mutum ya shiga harabar makaranta mai zaman kanta a Najeriya bai ci karo da allo ko rubutun fenti a jikin bango ba, mai ɗauke da abu biyu: hangen nesan makarantar da kuma manufarta. Yawanci da Turanci ake rubuta su, da manya-manyan kalmomi, ana alƙawarin yaye shugabannin gobe masu tsoron Allah. Idan makarantar ta coci ce, ko ta wani Kirista, akan ƙara da lambar wata aya ta Littafi Mai Tsarki a ƙasan rubutun.

Iyaye kan wuce allon su nufi ofishin biyan kuɗi. Malamai ma ba kasafai suke ɗaga kai su dube shi ba. Amma abin da aka rubuta da sunan Allah a inda yara ke gani kowace safiya alƙawari ne, kuma kyan alƙawari cikawa. Wanda ya jingina makarantarsa da littafin addininsa ya ba jama'a ma'aunin da za su auna shi da shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa duk Kiristan da ke shugabantar makaranta a gari irin Illela, ko mai niyyar buɗe wata, ita ce: me littafin da ya kafa hujja da shi yake nema daga shugaba? Amsar ta fi abin da ake rubutawa a bango nauyi nesa ba kusa ba.

Me ya sa Illela?

Illela tana da nisan kilomita 80 da ɗoriya arewa da birnin Sakkwato, tana fuskantar Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum kimanin dubu 150. Gari ne na Musulmi, na noma da kiwo da fatauci, wanda kasuwarsa ke tara dabbobi da hatsi da albasa daga ɓangarori biyu na iyaka. Kiristoci 'yan tsiraru ne a cikinsa: 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, jami'an kwastam da na shige da fice, 'yan sanda da sojoji, ma'aikatan lafiya, masu yi wa ƙasa hidima, da iyalan da suka daɗe har 'ya'yansu ba su san wani gida ba sai nan.

A irin wannan gari, abincin mutane da yawa yana rataye ne da ƙofar iyaka. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, lokacin da Illela ta shiga cikin iyakoki huɗu na farko da gwamnatin tarayya ta buɗe tare da Seme da Maigatari da Mfum. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. Duk lokacin da aka datse ƙofar, direba da dillali da ɗan dako da mai sayar da abinci a tasha su ne ke fara ji a jikinsu, kuma kuɗin makaranta yana cikin abubuwan farko da ke gagarar uba. A ranar da shugaban makaranta ya riƙe takardar sunayen waɗanda ba su biya ba, yana shawarar wa zai kora gida, a ranar ce ake gane ko rubutun bango yana da ma'ana.

Ga kuma sabuwar babbar hanyar da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2024, wadda aka tsara ta tashi daga Illela ta dangana da Badagry a Jihar Legas, mai tsawon sama da kilomita dubu ɗaya. Idan ta tabbata, baƙi za su ƙaru, makarantun kuɗi ma za su ƙaru. Tun ran gini ran zane.

Gadon da aka tarar

Kalmar mishan da Bahaushe ya sani ta fito ne daga kalmar Turancin da ke nufin aike, kuma ita ce dai kalmar da ake rubutawa a allon makaranta ana nufin manufa. Wannan yanki ya san ta tun da daɗewa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris ɗin 1903, Lugga ya yi alƙawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulunci. Ƙofar da ta buɗe musu daga baya ita ce ta jinya. A ƙarshen shekarun 1930 ƙungiyar SIM ta karɓi aikin kula da masu cutar kuturta a wurare irin su Amanawa kusa da Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina. A 1950 ta buɗe asibitin Galmi a ƙasar Nijar, gabas da Ƙonni, wanda har gobe marasa lafiya daga ɓangaren Najeriya ke tsallakawa zuwa cikinsa.

A Zariya, aikin Dokta Walter Miller na ƙungiyar CMS ya koma Wusasa, inda aka fitar da mutane irin su Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da Janar Yakubu Gowon. An kammala buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Cocin ECWA ya tsaya da ƙafarsa a 1954, Darikar Katolika kuma ta mayar da Sakkwato cikakkiyar dayosis a 1964. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantun mishan.

Wannan tarihi yana da fuska biyu, kuma adalci ya sa a faɗe su duka. Jama'a sun yaba wa wanda ya wanke gyambon da kowa ke gudu. Amma an kuma samu iyayen da suka ga 'ya'yansu sun shiga makarantun da ke jikin asibitocin suka fito da wani addini, abin da ya ƙara wa mutanen karkara tsoron karatun boko, tsoron da har yanzu bai gama gushewa ba. Duk Kiristan da ya buɗe aji a Illela ya gaji yabon, ya kuma gaji zargin.

Ayar da aka fi kafawa a bango

Babu ayar da masu makarantu da masu shirya tarukan horar da shugabanni suka fi so kamar Karin Magana sura 29 aya 18. A tsohuwar fassarar Turanci ta zamanin Sarki James, wadda ta fito a 1611, an yi amfani da kalmar da mai karatu na yau ke ɗauka a matsayin hangen nesa. Daga nan sai aka riƙa karanta ayar kamar tana cewa duk ma'aikatar da shugabanta ba shi da babban buri za ta rushe.

Masana harshen Ibrananci sun daɗe da yin gyara a kan wannan. Kalmar asali, hazon, tana nufin wahayin da annabi ke samu daga Allah. Ayar tana magana ne kan yadda jama'a ke sakin linzami idan suka rasa umarnin Ubangiji, kuma rabinta na biyu, wanda ba a cika rubutawa a bango ba, yabo ne ga mai kiyaye doka. Ke nan ayar da mai makaranta ya ɗauka tana goyon bayan mafarkinsa na ɗora bene da buɗe reshe a Sakkwato, a zahiri linzami take sa masa. Tana tuna masa cewa akwai umarnin da ke sama da shi, wanda bai isa ya gyara ba don ya dace da lissafin aljihunsa.

Aya ta biyu da ake yawan ambata ita ce Habakuk sura 2 aya 2, inda aka umarci annabin ya rubuta wahayin a kan alluna ɓaro-ɓaro, yadda ko mai sauri zai iya karantawa. Darasin a fili yake. Manufar da aka rubuta da Turancin da ya fi ƙarfin uwar da ke sayar da ƙosai, ko uban da ya yi karatunsa da Faransanci a Ƙonni, ta saɓa wa ayar da aka kafa hujja da ita. Makaranta a Illela ta rubuta manufarta da Hausa, a taƙaice, da abin da za a iya aunawa. Idan ta ce duk yaron da ya gama aji uku zai iya karanta wasiƙa ya kuma yi lissafin canji, uba zai iya gwada ɗansa a gida ya ga gaskiya. Alƙawarin yaye shugabannin duniya kuwa, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa.

Nehemiya bai fara da jawabi ba

Masu wa'azi kan shugabanci suna son labarin Nehemiya, wanda ya sake gina garun Urushalima cikin kwana 52. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda ya fara. Sura ta 2 ta nuna ya iso birnin ya yi kwana uku, sannan ya fita da dare tare da mutane kaɗan ya zagaya yana duba inda garun ya rushe, bai gaya wa kowa niyyarsa ba. Sai da ya ga ɓarnar da idonsa ya tara jama'a.

Shugaban makarantar da ke son koyi da shi zai fara da ƙidaya kafin ya kira mai fenti. Yara nawa ne a aji huɗu ba sa iya haɗa baƙi? 'Yan mata nawa suka fara bara, bana ba su dawo ba, kuma ina suka tafi? Banɗaki nawa ke aiki? Akwai ruwan sha a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40? Malamai nawa ke da shaidar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma nawa ne suka yi rajista da hukumar TRCN? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya ɗaga kai. Luka sura 14 ma ta kawo misalin mai son gina hasumiya da ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna, don kada ya tsaya a harsashi ya zama abin dariya.

Sura ta 5 ta littafin Nehemiya ta fi cizo. Shekara 12 yana gwamna bai karɓi kuɗin abincin da doka ta ba shi dama ya karɓa daga talakawa ba, saboda ya ga suna cikin matsi. Ya kuma tsawata wa manyan gari da ke ƙwace gonakin matalauta saboda bashi. Mai makarantar da ke ƙirƙiro kuɗin bikin yaye 'yan nazire da kuɗin riga ta musamman a shekarar da iyaka ke rufe, ya karanta wannan sura kafin ya sa hannu a takardar.

Sai Fitowa sura 18, inda Yetro ya ga surukinsa Annabi Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya gaya masa cewa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a. Ya ba shi shawarar ya naɗa shugabanni a kan dubu-dubu da ɗari-ɗari da hamsin-hamsin da goma-goma, mutane masu gaskiya da ke ƙyamar cin hanci. Cutar da ke kashe ƙananan makarantu da yawa ita ce mutum ɗaya ya zama shi ne mai makaranta, shi ne hedimasta, shi ne ma'aji, matarsa ce akawu. Ranar da ya kwanta ciwo ko aka yi masa canjin wurin aiki, makaranta ta mutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makarantar coci tana buƙatar kwamitin amintattu mai haƙori, da wakilcin iyaye, da asusun banki da ya rabu da na coci ya kuma rabu da aljihun fasto.

A Markus sura 10, almajirai biyu, Yaƙub da Yahaya, sun nemi Yesu Almasihu ya ba su kujerun girma. Ya amsa musu da cewa mulkin danniya ɗabi'ar sarakunan duniya ce, kuma a tsakaninsu mai son girma sai ya zama mai hidima. A Yahaya sura 13 ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Hedimastan da malamai ke rawar jiki idan sun ji takunsa, wanda ba ya shiga aji sai da bulala, bai kai ga wannan shafi ba tukuna.

Haƙƙin malami

A nan ne makarantun kuɗi da yawa, na Kirista da na Musulmi, ke faɗuwa. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira dubu 70, amma dokar ta cire ma'aikatun da ba su kai ma'aikata 25 ba, kuma ƙananan makarantu da dama na fakewa a nan. Sanannen abu ne cewa malamin makarantar kuɗi yakan karɓi abin da bai kai wannan ba, wani lokaci a biya shi a makare, wani lokaci a hana shi albashin watannin hutu. A makarantar addini kuma akan ƙara masa da nasihar cewa aikin Allah yake yi, ladansa na sama.

Littafi Mai Tsarki bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Littafin Firistoci sura 19 ya hana lada ya kwana a hannun mai aiki. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta ce a biya talaka kafin rana ta faɗi, ɗan gari ne ko baƙo. Irmiya sura 22 ta la'anci sarkin da ya gina fadarsa da gumin mutanen da bai biya ba. Wasiƙar Yaƙub sura 5 ta siffanta ladan da aka danne a matsayin abin da ke kai ƙara gaban Allah. Musulmi ma sun san umarnin biyan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Dokar ƙasa na iya yi wa ƙaramar makaranta sassauci, amma littafin da ta rubuta ayarsa a bango bai ƙidaya yawan ma'aikata ba.

Maganar ba ta tsaya ga tausayi ba. Malamin da ke bin bashin wata biyu zai nemi wata hanya, ko ya tafi acaba da rana tsaka, ko ya bar aikin a tsakiyar zango, ko ya fara karɓar na goro a hannun ɗalibai. Yaro ne ke biyan kuɗin a ƙarshe.

Mudun ƙarya da tunkiyar da ta ɓace

Mutumin Illela ya san mudu da tiya, ya kuma san abin da ake kira mai tauye su. Karin Magana sura 11 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Allah, Amos sura 8 kuma ta yi tir da 'yan kasuwar da ke rage mudu su ƙara farashi. Takardar sakamako ma mudu ce. Makarantar da ke ƙara wa yaro maki don kada uba ya cire shi, ko take haɗa baki da masu sa ido a rubuta wa ɗalibai amsa a jarrabawar WAEC ko NECO, mudun ƙarya take aunawa da shi. Dokar hana satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi hukunci, amma mai tsoron Allah bai kamata ya jira ɗan sanda ba. Wasiƙar Yaƙub sura 3 ta yi gargaɗin cewa hisabin masu koyarwa ya fi na sauran mutane tsanani. Wanda aka saya wa sakamako yau, shi ne gobe zai riƙe allura a asibitin garin.

Wasiƙar dai, a sura ta 2, ta tsawata wa masu ba mai zoben zinariya wuri mai kyau su bar matalauci a tsaye. Matiyu sura 18 kuma ta kawo makiyayin da ya bar tumaki 99 ya tafi neman guda da ta ɓace. A Arewa maso Yamma lissafin ya kusa juyewa a wasu ƙauyuka. Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, kuma tsananin matsalar ne ya sa gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Jihar Sakkwato a ƙarshen 2015. Yarinyar da ke talla a tasha da yaron da ke dakon kaya a bakin iyaka ba sa cikin rajistar kowa.

Babu mai cewa ƙaramar makaranta ta ɗauki nauyin da gwamnati ta kasa. Dokar UBE ta 2004 a wuyan hukuma ta ɗora ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta kuma dole. Amma makarantar da ta kira kanta ta mishan tana iya ware kujera biyu ko uku a kowane aji ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi ba tare da duba addininsu ba, ta kuma buɗe ajin yamma na koyon karatu da lissafi. Manyan coci-coci na birane da ke da hali su ne ya kamata su ɗauki nauyin waɗannan kujeru. Idan ɗan mai sharar cocin da kansa ba zai iya shiga makarantar cocin ba, to kasuwanci ake yi, kuma ya fi kyau a kira shi da sunansa.

Makiyayi da ɗan ƙodago

Yahaya sura 10 ta bambanta makiyayin gaske da wanda aka ɗauka haya, wanda ke gudu idan ya hango kyarkeci. A wannan yanki maganar ta daina zama misali. A Yulin 2021 an sace ɗalibai sama da 100 daga makarantar Bethel Baptist a Jihar Kaduna. A Maris ɗin 2024 an kwashe almajirai 15 daga wata tsangaya a Gidan Bakuso, ƙaramar hukumar Gada, maƙwabciyar Illela. A Nuwambar 2025 'yan bindiga sun shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Jihar Kebbi, suka kashe mataimakin shugaban makarantar suka tafi da ɗalibai 25, kwanaki kaɗan bayan haka suka kwashe ɗaruruwan ɗalibai da malamai daga makarantar Katolika ta St. Mary's da ke Papiri a Jihar Neja. Masu bindiga ba sa tambayar wane littafi ake karantawa a ajin.

Tsaro aikin gwamnati ne, kuma babu wanda zai nemi malami ya tari bindiga da alli. Amma akwai abin da ke hannun shugaba: katanga da ƙofa ɗaya mai gadi, sanin wanda ke zuwa ɗaukar kowane yaro, lambobin wayar jami'an tsaro da na masu unguwa, koya wa yara inda za su nufa idan an ji harbi, da ƙarfin halin rufe makaranta idan an samu gargaɗi, ko da kuɗin zango zai salwanta. Haɗarin ma ba daga daji kaɗai yake zuwa ba. Matiyu sura 18 ta yi kashedi mai tsanani, har da ambaton dutsen niƙa a wuya, ga duk wanda ya cutar da ƙaramin yaro. Makarantar da ta rufa wa malami mai lalata da ɗalibai asiri don kare sunan coci ta zaɓi sunanta a kan yaron da aka ba ta amana.

Ɗan Musulmi a ajin mishan

A garuruwan Arewa da dama, iyaye Musulmi na kai 'ya'yansu makarantun Kirista saboda suna ganin ana koyarwa da kyau. Wannan amana ce babba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko shiga ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Sashen ya kuma ba kowace al'ummar addini damar koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da ita ke ɗaukar nauyinta gaba ɗaya. Haƙƙi biyu ne, kuma dukkansu doka ce.

Abin da ya dace shi ne makaranta ta faɗa wa uba gaskiya tun ranar cike fom: ga abin da ake yi a taron safe, ga abin da ɗanka zai yi a lokacin darasin addinin Kirista, ga inda zai yi sallar azahar. Ɓoye niyya ita ce ta haifar da zargin da aka gada. Haka kuma ɗan Kirista da ke makarantar gwamnati a jihar yana da irin wannan haƙƙi, kuma wajibi ne hukumomin ilimi su tabbatar ya samu malamin addininsa, ba a kuma tsangwame shi ba.

Irmiya sura 29 ta umarci mutanen da ke zaune a birnin da ba su ne masu rinjaye ba su nemi alherin birnin su yi masa addu'a, domin zaman lafiyarsu na cikin zaman lafiyarsa. Wannan ita ce manufa mafi dacewa da makarantar Kirista a Illela. Ƙasar Sakkwato kuma ba baƙuwar irin wannan magana ba ce. Shehu Usman Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru da ya kai karatu ga matan ƙauye. A yau Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da Bishop Matthew Hassan Kukah suna zama a kwamitin zaman lafiya na ƙasa guda. Abin da ya yiwu a sama bai kamata ya gagari limami da fasto a Illela ba.

Abin da ya kamata a yi

Masu makarantun Kirista su sake duba allunansu, su mayar da su Hausa, su rage su zuwa alƙawura uku ko huɗu da za a iya aunawa, sannan a ƙarshen kowace shekara su tara iyaye su faɗa musu wanne aka cika wanne aka kasa. Su sa albashin malamai a gaban sabon gini.

Reshen ƙungiyar CAN na Jihar Sakkwato da shugabannin ɗariku su fitar da ƙa'ida ɗaya kan albashi da kare yara da gaskiyar jarrabawa, su kuma cire sunan cocinsu daga duk makarantar da ta ƙi bi. Gyaran da aka yi daga cikin gida ya fi wanda aka jira hukuma ta zo ta yi.

Ma'aikatar ilimin firamare da sakandare ta jihar ta riƙa tura masu duba makarantu har Illela da Gada da Tangaza, da ma'auni ɗaya ga makarantar coci da Islamiyya da ta gwamnati, ba tare da mayar da rajista hanyar tatsar kuɗi ko ta ƙuntata wa wani ɓangare ba.

Iyaye kuma, Musulmi da Kirista, su daina wuce allon. Kafin a biya kuɗin zango mai zuwa, uba ya tsaya ya sa a fassara masa abin da aka rubuta, ya tambayi hedimasta ko an biya malamai albashin watan jiya, ya kuma miƙa wa ɗansa takarda a gida ya ji ko zai iya karantawa.